Budurwar Prag ta 1891: ƙwaƙwalwa ce ta zubo, ko ƙoƙon kai ne ya yi ƙunci?

Zazzaɓin taifot ne ya kashe ta. Shekararta 17, kuma da gawarta ba ta biyo ta hannun Hans Chiari ba, da tuni an manta an taɓa yin ta. Chiari, wanda ake furta sunansa kusan kamar Kyari na Barebari, likitan binciken gawa ne haifaffen Biyana. Tun 1882 yake koyarwa a jami'ar Jamusawa ta birnin Prag, lokacin birnin na ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Tambaya ɗaya ce ta dame shi a waɗannan shekaru: idan ruwa ya daɗe yana taruwa a cikin kai, me yake yi wa ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke zaune a ƙeya?

Da ya buɗe kan budurwar sai ya tarar da abu biyu. Na farko, ruwa ya taru a kogunan ƙwaƙwalwarta, wato ramukan da ke cikinta, fiye da ƙima. Na biyu shi ne ya sa har yau ake ambatonta. A ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ɓangarori biyu, dama da hagu, da likitoci ke kira tonsil saboda sun yi kama da na maƙogwaro. A yawancin mutane dunƙulallu ne, suna zaune a cikin ƙoƙon kai. Nata sun yi tsawo, sun yi tsini kamar turaku, sun bi kututturen ƙwaƙwalwa sun zarce ta babbar kafar da ke gindin ƙoƙon kai har cikin bututun ƙashin wuya, inda laka ce kawai ya kamata ta kasance. Abin mamaki, tana raye ba ta nuna wata alama da za a danganta da ƙaramar ƙwaƙwalwa ko kututturenta ba.

A 1891 ya wallafa bayaninta a wata mujallar likitoci ta mako-mako ta Jamus, tare da wasu nau'o'i biyu mafiya tsanani da ya gani a jarirai. Nata shi ne ake kira Chiari nau'i na ɗaya. Hukuncin da ya yanke a lokacin mai sauƙi ne: ruwan da ya taru a sama ne ya danno ƙwaƙwalwa ƙasa.

Ɗakin da abin ya faru

Ba za a gane lamarin ba sai an san fasalin wurin. Gindin ƙoƙon kai daga ciki hawa uku ne, kamar matakala mai gangarowa daga goshi zuwa ƙeya. Na ƙarshe, wanda ya fi zurfi, shi ne kwarmin ƙeya, kuma a ciki ƙaramar ƙwaƙwalwa da kututturen ƙwaƙwalwa suke. Rufinsa wani tantani ne mai ƙarfi da aka shimfiɗa kamar tanti, ya raba shi da babbar ƙwaƙwalwa. Bangonsa na baya faffaɗan ƙashin ƙeya ne, wanda kake shafawa da tafin hannu. Bangonsa na gaba wani gangaren ƙashi ne da ake kira kilibus, kalmar Latin mai nufin gangare, tsawonsa a baligi ya ɗan haura santimita 4, kuma a kansa kututturen ƙwaƙwalwa ya jingina. A daɓensa kuwa akwai babbar kafar da aka ambata, foramen magnum, mai tsawon kusan santimita uku da rabi daga gaba zuwa baya.

Wannan kafa ba laka kaɗai ke bi ta cikinta ba. Jijiyoyin jini biyu na wuya suna shiga ta nan, kuma ruwan ƙwaƙwalwa yana kai da komo ta nan. Ruwan kamar mililita 150 ne a baligi, amma ba ya zama wuri ɗaya. Duk bugun zuciya jini na shiga kai, kuma tunda ƙoƙon kai ba ya miƙewa, dole ɗan ruwa ya fice ta kafar zuwa bututun ƙashin baya, ya dawo in zuciya ta saki. Idan tonsil suka cushe kafar kamar toshiyar kwalba, wannan numfashin ruwa yana tsayawa. Shi ya sa ciwon kan masu wannan larura yake da nasa kamanni: a ƙeya yake, tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi ko yunƙurin ɗaukar kaya ke tayar da shi, ya soka na 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci ya lafa. A wasu kuma ruwan da aka tare yana samun hanya ya taru a tsakiyar laka, ya yi dogon kogo da ake kira sirinks. Mai shi kan ƙone a hannu da garwashi ko ruwan zafi bai ji ba, alhali yana jin taɓi sarai.

A ƙarƙashin kafar akwai ƙasusuwan wuya biyu na farko. Atlas zobe ne da kai ke zaune a kansa. Aksis kuma yana da wani tsinin ƙashi da ya miƙe sama ya shiga cikin zoben, ana ce masa haƙori, a kansa kai ke juyawa in mutum ya waiwaya. A riƙe wannan haƙori a zuci, domin za a dawo kansa.

Chiari ya sake tunani

Ba a cika ba shi haƙƙinsa a nan ba. A 1896 ya fitar da dogon rahoto a kan gawarwaki 24, daga ciki 14 irin na budurwar ne. Da adadin ya ƙaru sai ya lura cewa yawan ruwan kai ba ya tafiya daidai da nisan da tonsil suka sauka. Wani ruwansa kaɗan ne amma saukar ta yi nisa, wani kuma akasin haka. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ya kawo wani dalili na biyu: wataƙila ƙashin ne bai girma yadda ya kamata ba, wurin ya yi ƙunci, matsi ya fitar da naman ta kafar da ya samu. Ya faɗi wannan ya wuce, kuma kusan shekara 85 maganar na kwance.

A tsakani abin da aka fi yi shi ne rabon suna. Julius Arnold na Haidelbag ya bayyana jariri guda a 1894, sai ɗalibansa biyu, Schwalbe da Gredig, suka liƙa sunan malaminsu a gaban na Chiari a 1907, aka daɗe ana cewa Arnold-Chiari. Wani masanin halittar jiki ɗan Sikotlan, John Cleland, da ya riga su duka a 1883, shi bai samu ko kaso ba.

Hujjar ƙashi ta fara fitowa ne daga ɗakin gwaji. A 1981 Miguel Marin-Padilla da Teresa Marin-Padilla suka ba wa wasu ɓeraye masu ciki, nau'in da ake kira hamsta, bitamin A mai yawa. 'Ya'yan suka fito da gajeren ƙashin ƙeya da ɗan ƙaramin kwarmi, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da girmanta har ta rasa wurin zama. Bayanin da suka yi ya shiga hankali. Ƙashin gindin kai da naman ƙwaƙwalwa ba daga tushe ɗaya suke tsirowa a cikin tayi ba. Ƙashin ƙeya na ƙasa yana fitowa ne daga wasu 'yan dunƙulen nama da ke jere a gefen bututun da zai zama laka, ya fara zama guringuntsi kafin ya zama ƙashi. Ana iya samun tawaya a wannan ɓangare alhali ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. Ita kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa tana yin mafi yawan girmanta a ƙarshen ciki da shekarar farko bayan haihuwa, lokacin da an riga an aza harsashin ɗakinta.

A mutane, aikin Nishikawa da abokansa na Osaka a 1997 ya nuna haka da awo. Sun gwada baligai 30 masu larurar da mutanen da ba su da ita, suka tarar girman naman ƙwaƙwalwar da ke kwarmin bai bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne sassan ƙashin ƙeya sun fi gajarta, tantin da ke sama kuma ya fi miƙewa tsaye, kamar rumfar da aka tokare daga ciki don kaya sun yi yawa. Shekara biyu bayan haka Thomas Milhorat na New York ya fitar da bayanin majinyata 364 masu alamu, mata 275, maza 89. Kashi 65 cikin ɗari suna da kogon ruwa a laka, kashi 42 ƙashin bayansu ya karkace, kashi 12 kuma ƙashin wuyansu ya kutsa cikin gindin kai. Gajeren kilibus da matsattsen kwarmi su ne suka yi ta maimaituwa.

Akwai wata hujja da ni na fi ganin ƙarfinta, domin halitta ce ta yi gwajin da kanta. Cutar Crouzon da cutar Apert duk suna sa ɗinkunan ƙoƙon kan yaro su haɗe kafin lokaci. A Crouzon ɗinkin ƙeya yana rufewa da wuri, a Apert yana jinkiri. Likitocin Paris sun ruwaito a 1995 cewa kusan bakwai cikin goma na yaran Crouzon tonsil ɗinsu sun sauka, a Apert kuwa kusan biyu ne cikin ɗari. Har karnuka ba su tsira ba. Wani ƙaramin karen Ingila da ake kira Cavalier King Charles, wanda masu kiwo suka yi ta zaɓen masu gajeren kai don kyau, yanzu ya shahara da irin wannan matsi da kogon ruwa a laka.

Awon milimita biyar

Da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ta shigo asibitoci a shekarun 1980, abin da Chiari ke gani a gawa kawai ya zama ana ganinsa a mai rai. Sai aka buƙaci ƙa'ida. Ana ja layi daga bakin gaba na babbar kafa zuwa bakinta na baya, layin McRae, a auna nisan da tonsil suka wuce shi. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka tsaya a kan milimita 5.

A ganina wannan awo ya yi amfani kuma ya yi ɓarna. Yana auna abin da ya zube ne, ba ya auna tukunyar. A asibitin Johns Hopkins an duba hotunan mutum 22,591 a rahoton shekarar 2000, aka sami 175 da suka haura milimita 5, wasunsu ba su da ko alama ɗaya. A Michigan a 2011, cikin yara sama da 14,000 da aka yi wa hoton, kashi 3.6 cikin ɗari sun cika ƙa'idar. Tonsil kuma sukan ɗan koma sama yayin da mutum ke manyanta, don haka milimita 6 a yaro ɗan shekara bakwai da milimita 6 a dattijo ba abu ɗaya ba ne. A ɗaya gefen, an sami masu kogon ruwa a laka waɗanda tonsil ɗinsu ba su sauka ba sam, amma kafar a cushe take, kuma buɗe ta ya warkar da kogon. Likitocin Alabama da suka bayyana su a 1998 daga baya suka rasa lambar da za su ba su, aka ce nau'i na sifiri.

Bangon gaba, inda aka fi yin kuskure

Tiyatar da aka saba yi daga baya ake yin ta. A cire ɗan ƙashin ƙeya kamar santimita 3 a tsaye da 3 a kwance, a cire bayan zoben atlas, wasu su tsaga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa su yi masa maho don ya faɗaɗa, wasu su bar shi. Ga wanda matsalarsa ƙuncin baya ne kawai, wannan yakan wadatar.

Amma a wasu mutanen gindin kai ya lalace ta gaba. Idan kilibus gajere ne, ko ya kwanta maimakon ya gangara, ko gaɓoɓin da kai ke zaune a kansu ba su cika ba, sai ƙashin wuya ya hau sama, haƙorin aksis ya leƙa cikin babbar kafa. A wasu kuma haƙorin ya jingina baya. Ko ta wane hali, kututturen ƙwaƙwalwa yana lanƙwashe a kansa kamar igiyar guga a bakin rijiya. Nan ne cibiyoyin haɗiya da numfashi suke, shi ya sa ake ganin ƙwaruwa wajen cin abinci, dashewar murya, ɗaukewar numfashi cikin barci da rashin ƙarfin gaɓoɓi. Irin waɗannan mutane sau da yawa wuyansu gajere ne, gashin ƙeyarsu ya sauko ƙasa sosai.

Tun kafin MRI masu hoton ƙashi sun san wannan. Chamberlain a 1939 ya ja layi daga ƙarshen ganɗa zuwa bakin baya na babbar kafa. McGregor a 1948 ya gyara shi, ya kai ƙarshen layin ga mafi ƙasan ƙashin ƙeya, wanda ya fi sauƙin gani a hoto, kuma idan kan haƙorin ya haura layin da fiye da milimita huɗu da rabi ana ɗaukarsa ya kutsa. Waɗannan layuka har gobe ana iya jan su a hoton eksire na gefen kai, abin da ke da muhimmanci a wuraren da MRI ke da nisa da tsada. Daga baya aka ƙara wasu awo biyu. Ɗaya kusurwar da ke tsakanin kilibus da bayan aksis ce, wadda a lafiyayye takan kai digiri 150 ko fiye. Likitocin yara na Utah sun nuna a 2012 cewa idan ta gaza 125, yiwuwar a buƙaci ɗaure kai da wuya da ƙarfe ta ƙaru sosai. Ɗayan na Grabb da Oakes ne na 1999, mai auna yadda haƙorin ya turo cikin bututu, iyakarsa milimita 9.

Dalilin damuwa da waɗannan lambobi shi ne, idan aka buɗe baya alhali matsin a gaba yake, ana iya barin majinyaci yadda yake, ko ma a ƙara masa. Tsokoki da jijiyoyin ƙeya da aka yanke suna cikin abin da ke riƙe kai, in sun saki sai kai ya ƙara sunkuyawa a kan haƙorin. Irin wannan yana buƙatar a ja ƙasusuwan su daidaita a ɗaure su da kusoshi, ko a cire haƙorin ta baki ko ta hanci.

Atul Goel, wanda a lokacin yake asibitin KEM a Mumbai, ya kai maganar ƙarshenta. A 2015 ya wallafa cewa rashin tsayuwar gaɓar atlas da aksis shi ne tushen larurar gaba ɗaya, saukar tonsil kuwa kariya ce da jiki ke yi wa kututture, kamar matashi, don haka a ɗaure gaɓar kawai ba sai an taɓa ƙashin ƙeya ba. Mafi yawan likitocin ƙwaƙwalwa ba su bi shi har can ba, ni ma ina ganin ya haɗa kowa a kwando ɗaya. Amma ya tilasta wa mutane kallon gaɓar da suka daɗe suna tsallakewa. Ba mamaki kuma maganar ta fito daga Indiya, inda ake yawan ganin larurorin mahaɗar kai da wuya, kamar yadda ake gani a arewa maso gabashin Birazil.

Jaririn da ke cikin wannan rahoto

Nau'i na biyu da Chiari ya bayyana a 1891 ya ƙara haske a kan na budurwar ta wata fuska. Shi ne ke zuwa tare da buɗaɗɗen baya, wato jaririn da aka haifa da ƙullutu a gadon baya laka a waje, wanda ungozomomi da ma'aikatan asibitocinmu suka sani, kuma shan folik asid kafin ɗaukar ciki ke rage aukuwarsa. A nan kwarmin ƙeya ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kafar kuma ta fi faɗi. McLone da Knepper sun yi bayani a 1989 cewa ruwa na yoyo ta buɗaɗɗen bayan tun a ciki, kogunan ƙwaƙwalwar tayi ba sa cika su kumbura, ƙashin da ke kewaye kuma bai sami abin da zai tura shi ya faɗaɗa ba. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 2011 ya goyi bayan haka: jariran da aka rufe musu baya tun suna ciki, kashi 36 cikin ɗari ba su da saukar ƙwaƙwalwa a shekara ɗaya, waɗanda aka yi wa bayan haihuwa kuwa kashi 4 ne. Ke nan a nau'i na biyu ƙashi ne ya bi abin da ruwa ya yi masa, a yawancin na ɗaya kuma ƙwaƙwalwa ce ta bi abin da ƙashi ya yi mata.

Da yau ta zo

Akwai abin da ya kamata a amsa wa Chiari. A kan budurwarsa kanta, hukuncinsa na farko yana iya zama daidai. Tana da taruwar ruwa a kai, abin da ba ya kai ɗaya cikin goma na masu nau'i na ɗaya da ake gani yanzu. Tonsil na sauka ta hanyoyi da yawa: ƙuncin ɗaki, turi daga sama idan ruwa ko ƙari ya cika kai, ko zuƙa daga ƙasa idan ruwa na yoyo daga bututun baya. Hoton duk ɗaya ne, maganin daban-daban. Saboda haka likitan yau da ya ga hotonta zai fara tambayar wanne ya riga wanne. Idan ruwan ne ya danno, shi za a buɗe wa hanya tukuna, a bar ƙashin ƙeya. Zai kuma yi taka-tsantsan da sa allura a baya don ɗibar ruwa, ko da zazzaɓin nata ya sa an yi zargin sanƙarau, domin rage matsi a ƙasa alhali kafa a toshe take yana iya ƙara jan ƙwaƙwalwa cikinta.

Daga nan zai auna tsawon kilibus, wanda a shekara 17 guringuntsin da yake girma ta wurinsa ya rufe ko yana dab da rufewa, wato fasalin ɗakin ya riga ya tsaya. Zai ja layin McRae da na Chamberlain, ya duba kusurwar kilibus da aksis, ya ɗauki hoton laka daga wuya har ƙugu yana neman kogon ruwa, ya sa ta sunkuya ya dubi ƙashin bayanta ko ya karkace. Zai tambaye ta ko kanta na sara in ta yi tari, ya tambayi wadda suke kwana ɗaki ɗaya ko numfashinta na ɗaukewa da dare.

Idan duk waɗannan suka fito lafiya, ruwan kan kuma ba mai ƙaruwa ba ne, babu wuƙar da za ta taɓa ta. Za a ba ta maganin kashe ƙwayoyin taifot na kwanaki, irin wanda ba a samu ba sai a 1948 da aka fara gwada kuloramfenikol a kan cutar, shekara 32 bayan Chiari ya rasu a Sitrasbag. Sai a sallame ta, a ce ta dawo in ƙeyarta ta fara ciwo da tari, ko in ta ga tabon ƙuna a hannunta ba ta san lokacin da ta ƙone ba.